Lambar da Ke Bayan Rasit

Takarduna sun shekara biyu a cikin leda,
ƙarƙashin katifa, inda gara ba ta kai.
Difloma a lafiyar dabbobi, daga Haɗejiya,
da hotunan fasfo takwas, duk sun fara koɗewa.

Na kai su Dutse sau uku.
Maigadi ya san fuskata, ofis bai san sunana ba.
"Ajiye a can," in ji sakatare, ya nuna kwali
da ya cika ya tumbatsa kamar rumbun shekarar albarka.
Na koma Gagarawa a bayan a-kori-kura,
kuɗin motar ma bashi.

Inna tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba:
"Kai ƙofa kake nema, ba ka neman mutane.
Ƙofa ba ta amsa gaisuwa, Tasi'u."
Na yi dariya.
Da dare maganar ta hana ni barci.

Alhamis na bi motar shanu zuwa Maigatari,
ba saye, ba sayarwa, jaka kawai da safar hannu.
A bakin kara wani bijimi yana ɗingishi,
kofato ya ruɓe, ƙuda sun yi masa taro.
Na tsuguna. Na nemi ruwan gishiri da aska.
Dillalin, Barau mai jan rawani, ya tsaya a kaina:
"Yaron wa?"
"Ɗan Malam Yawale mai yasar rijiya."
"Nawa ne?"
"Bari, Baba. Sai dai ka riƙe sunana."

Ya riƙe.
Alhamis bakwai ina zuwa:
raƙumi mai ƙazuwa, tunkiya mai kumburin ciki,
shayi a rumfar Hudu, inda direbobi ke sauke labari.
Na gane gaisuwa ma aiki ce,
roƙo kuwa kamar shuka yake:
ka binne shi kafin ruwa, zabi su tone.

Nafi'u, da muka ci gari da ƙuli tare a makaranta, ya ce,
"Da diflomar taka kake wanke wa dillalai kofato?"
Ban amsa ba.
Akwai ranar da na kusa yarda da shi,
ranar da na dawo da ɗari biyar da warin kashin shanu,
kare ma ya ƙi matsowa.

A ta takwas Barau ya ja ni gefe,
ya juya rasit ɗin haraji, ya lasa bakin biro,
ya rubuta lamba, bakwai ɗinsa kamar sandar makiyayi.
"Dakta Uwani, a Gumel. Mai hannu take nema.
Na ce mata hannunka na gani, takarda ban gani ba.
Sunana na ara maka, yaro.
Aro ne, ba kyauta ba."

Na hau tudun bayan firamare, inda sabis ke kamawa,
da katin ɗari da jawabin da na haddace tun a mota.
Tana ɗauka, duk ya zube.
"Kai ne na Barau?"
"Ni ne."
"Koyon aiki ne, wata shida, alawus bai taka kara ya karya ba.
Litinin, ƙarfe takwas.
Ka zo da takardun. Ka zo da takalmin roba."

Yanzu asuba na ɗaure kular rigakafi a bayan babur,
ruga zuwa ruga, har rana ta karya.
Duk allurar da zan soka sai na duba sau biyu,
don ba sunana kaɗai nake ɗauke da shi ba.

Ledar tana nan inda take.
Difloma a ƙasa, hotuna a tsakiya,
rasit ɗin a sama,
da ɗigon shayi a kan bakwai ɗin.