Ɗaki Mai Lamba Tara

Barira, na iso.
Na wuce Ɗan Isa da hantsi, Jibiya da azahar,
an duba takarduna sau huɗu, aljihuna sau biyar.
Katsina ta tarbe ni da ƙarar hon,
ba ta ko tambayi sunan ubana ba.

Masaukin na wajen Ƙofar Ƙaura,
allonsa ya zubar da haruffa biyu, giɓi kamar bakin tsoho.
Na ce wa yaron kanta, Nafi'u, "Jika nawa kwana?"
Ya yi dariya har da dafa tebur:
"Baba, daga Faransa kake?"
Harshe ɗaya muka tsotsa ni da shi,
amma sai da waya ta shiga tsakani ta yi mana tafinta.
'Yar sefata siririya ta zama damin naira,
na yi arzikin ido na rabin yini.

Lamba tara.
Makulli ɗaure da guntun katako, don kada ya bi baƙo gida.
Katifa ta lotsa a tsakiya,
tana riƙe da siffar wani mai ƙiba da ban taɓa gani ba,
na kwanta cikin raminsa kamar mai gadon bashi.
Bokiti shuɗi, buta ba murfi,
sabulu bai kai ɓarin goro ba.
Fanka na juyi tana girgiza kai,
ta ƙi yarda da duk abin da na faɗa.
Na ce, "Kuran fa?"
Ya ce, "Nepa? Sai ta ga dama.
Janareta daga isha'i zuwa sha biyu."

Garin nan ba ya runtsawa, Barira.
Ta taga hayaƙin tsire ya shigo ba sallama.
Mai shayi na ɗaga kofi sama, yana zubo igiyar madara.
'Yan kabu-kabu, nan acaba ake ce musu,
suna ɗinke titi suna farkewa.
Gidan kallon ƙwallo ya fashe da ihu,
wani ya ci, wani ya sha kashi a wata ƙasa,
su kuma a nan suke rantsuwa.
Na tura fistan ɗin injinmu ƙarƙashin matashi,
naɗe cikin tsohon ɗankwalinki.
Shago bakwai na kai shi yau,
kowa ya juya shi ya ce, "An daina yin irinsa."

Sha biyu, janareta ya yi tari ya mutu.
Sauro ya karɓi aiki.

Sai na ji ta bango, a lamba goma,
murya a hankali:
"Dala tamanin... dala ɗari... ɗari da ashirin..."
Na tashi zaune.
Ba wanda ke ƙirga da dala a garin nan sai namu.

Na ƙwanƙwasa.
Tsoho ne, Tankari, mutumin Tawa,
ido ɗaya rufe da auduga, an yi masa aiki shekaranjiya.
Jikan da ya rako shi ya tafi kallon ƙwallo.
Lokacin ɗiga magani ya wuce,
yana laluben kuɗin mota da yatsu don ya rage dare.
Na ciji tocila da haƙora,
na ɗaga fatar idonsa,
ɗigo ɗaya, ɗigo biyu.
Hannun da ya saba da baƙin mai
bai taɓa rawa haka ba.

Ya ɓare mini dabino uku.
Ya ce, "Ruwa ya sauka a Tasawa?"
Na ce sau ɗaya, bai kai shuka ba.
Muka yi shiru, muna jin garin mutane yana ta hidimarsa.

Da asuba na ji jikan yana lallaɓa ƙofa.

Yanzu Nafi'u na buga tawa:
in rana ta take, kwana ya zama biyu.
An ce in gwada wani Inyamuri a Sabon Layi.
Ki ce wa masu kawo niƙa su ƙara haƙuri,
ki ce mai injin yana ƙasar waje.