Hannu Uku

Ƙusa sittin da huɗu na kafa a katako,
layi biyu, kamar haƙoran matsefi.
Zenaide ta ƙirga su da ido daga kujerarta,
ta ce ta goma sha ɗaya ta karkace.
Na ɗauko guduma, ban yi musu ba.
Shekara arba'in da shida sun koya mini
inda gardama take tsayawa.

A São Joaquim watan Yuni ba ya wasa:
raɓa kan kwana ta daskare a kan shinge,
itatuwan tuffa su tuɓe tsirara,
ruwan bokiti ya wayi gari da fatar gilashi.
A cikinsa aka ce jikarmu Ivonete za ta sauka,
ga mu ba bargo, ga sanyi yana tahowa.

Da can ba sai an tambaya ba.
Duk jaririn layin nan a ɗinkinta ya fara barci.
Sai wata Talata, tana yanka albasa,
wuƙa ta faɗi, hannun dama ya bi ta.
Yana nan kwance a cinyarta
kamar baƙon da ya rasa hanyar komawa.

Ni direba ne. Shekara talatin ina jan tuffa
a babbar mota zuwa bakin teku.
Yatsuna sun san sitiyari, sun san sifana,
ulu ne ba su taɓa gaisawa da shi ba.
"Zagaya ƙusar, Valdomiro, kada ka shaƙe ta.
Zare ne, ba igiyar ɗaure kaya ba."
Ƙugiya ta ɗaga madaukin ƙasa,
ta tsallakar da shi kan na sama,
haka, haka, har ƙusar ƙarshe,
a juyo, a sake somawa.

Sau uku ta sa na warware.
Na farko ya yi tauri kamar tabarmar bakin ƙofa.
Na biyu ramuka, har kyanwa ta zura kai.
Na uku ban san laifinsa ba har yau,
ta dai goga shi a kunci, ta kau da fuska.
Na fita na zagi katako, na zagi tunkiyar da ta ba da gashin,
na dawo na iske ta nannaɗe zaren
da hannun hagu da haɓa,
gumi a goshinta yana tsattsafowa.

Na huɗu ya riƙa saukowa ƙarƙashin katako,
ruwan ƙwai da fari,
taki ɗaya a dare, wani daren rabi,
pinhão a kan murhu yana fashewa.

Saura shafi da kalmasa.
Na yaye ƙyallen da ya rufe keken ɗinki wata goma sha tara,
na ɗiga masa mai, na zura allura sau bakwai kafin ta karɓa.
Ƙafarta lafiya lau, ta taka feda,
hagunta a gaban yadi, nawa biyu a baya.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ne,
amma uku ma sai sun sha faɗa.
A kusurwa ta uku atishawa ta kama ni,
ɗinki ya yi kwana kamar hanyar dutse.
Na jira masifa. Sai na ji wani sauti
da na manta gidan nan ya taɓa sani:
dariya take, rabin baki, har da ƙwalla,
keke yana ta gudu, ba mai tsayarwa.

Yarinyar ta riga lissafin likita da kwana tara.
Aka naɗe ta a ciki, ta yi hamma,
ta mayar da nono a kan aikin wata biyu.
Ivonete ta shafa kusurwar nan, ta dube mu.
"Wannan nasa ne," in ji Zenaide,
"sauran namu, kada ki kuskura ki ba wani gyarawa."

Jiya ɗan aike ya kawo ulu kore, dunƙule shida.
Ashe 'yar maƙwabciyarmu Jurema tana da na wata biyar.
Ba wanda ya nemi shawarata.
Na sauko da katako daga bayan ƙofa,
ta dube shi tsaf, ta nuna da haɓa:
ta goma sha ɗaya ta sake karkacewa.