Kiran Suna a Falmouth

Bigila ce ke tashin mu, ba zakara ba.
Zakaran ƙarshe a garin nan
mun cinye shi tun watan jiya;
Saje Whitcomb ya karɓi cinya, ya ce bai ga komai ba.

Mukan jeru cikin taɓo, sanyi na cizon kunne,
a kira suna, mu amsa.
Jiya an kira Lemuel Tuttle har sau uku.
Na buɗe baki zan ce yana tanti,
sai na tuna ni na haƙa masa rami bayan turken alfadarai.
Ba harsashi ne ya ɗauke shi ba, atini ne.
Kwana tara yana zarya, yana yi wa kansa ba'a,
ran na goma bai tashi ba.
Bargonsa na wurina.
Ina jin kunyar ɗumin da yake ba ni,
amma ban mayar ba.

Ashe yaƙi rabinsa jira ne.
Fareti da hantsi, fareti da la'asar,
juya dama, juya hagu,
kamar masu neman allura a cikin rairayi.
Dajin da muka tarar a nan mun ƙone shi ƙurmus,
yanzu kututture muke tona.
Biskit ɗin gwamnati sai da gindin bindiga yake fashewa;
ka jiƙa shi a kofi, tsutsa ta taso,
ka kwashe ta da cokali, ka sha abinka.

Da dare nakan bi ɗinkin riga da farce.
Kwarkwata ce kaɗai rundunar da ba ta raguwa.

Wasiƙarki ta iso ran Talata, Permelia,
na juya ta har ta yi laushi.
Kin ce saniya ta daina nono.
Kin ce Gaskill mai kanti ya sake zuwa da littafin bashi,
ya tsaya a bakin ƙofa, ko hula bai cire ba.
Wata huɗu ke nan rabonmu da albashi.
Ki sayar da sirdin, kada ki taɓa garmar.
Kin ce Asa ya fara tafiya,
yana kiran duk mai gemu Baba.
Wannan layin sau ɗaya tak na karanta,
na naɗe takardar.

Daren jiya ni ke gadi a bakin Rappahannock.
A tsallake akwai wani,
shi ma da bindiga, shi ma yana tari.
Harshenmu ɗaya, addu'armu ɗaya,
tuta ce ta zama biyu.
Ya ce sunansa Burrell, daga Jojiya.
Ya turo ɗan jirgin katako ɗauke da taba,
na mayar masa da kofi ƙulle a tsumma.
Sai ya ce 'yarsa ta yi haƙori biyu.
Da ma bai faɗa ba.
In taɓon nan ya bushe za a ce mu tsallaka,
ni kuwa ba na son sanin sunan wanda ke gaban bindigata.

Ba mutuwa ce ke hana ni barci ba.
Ƙafata nake tsoro,
kada ta arce da ni ranar, a gaban yaran garinmu,
ko likita ya jefa ta kan tulin nan
da na gani bayan coci a watan Disamba.
Sannan in dawo gida,
Asa ya gan ni ya ɓuya bayanki.

Ki aiko safa biyu da baƙin zare,
da albasa, in an sami mai zuwa.
Kyandir ɗin na Hosea ne, ya fara harara ta.

Gobe in an kira Orrin Pettibone
zan amsa da ƙarfi,
don in ji da kunnena ina nan.