Saƙon Minti Biyar

Ƙarfe biyu na dare a Harobanda,
wuta ta ɗauke, firijon labo ya yi shiru.
Ni da ƙanƙarar cikin roba muna tsere:
ita tana narkewa, ni ina ƙirga.

Malama Sahiya ta ce, auna mini
tsawon ran saƙo a cikin bakteriya.
Na auna. Minti biyar. Wani ma uku.

Kundi yana ɗaka, ba ya fita.
Kwafi ake yi, a miƙa wa masu karatu,
su hau layin kamar tururuwa a kan kara,
suna karantawa suna ƙera abin da aka ce.
Muddin sun yi cincirindo a kansa
ba mai taɓa shi.
Su ɗan ja baya, bayansa ya fito fili,
sai anzim ya iso da almakashi.

Ba hauka yake yi ba.
Ya san kan saƙon na da ƙulli uku,
wani ya riga shi ya kwance biyu,
ɗayan da ya rage shi ne izini.
Ƙyas, a tsakiya.
Ƙannensa su kama guntaye ta wutsiya
suna ɓantara harafi harafi,
sai inda saƙon ya naɗe kansa kamar gammo,
nan su yi turus, su nemi mai warwarewa.
Harufan kuma ba a zubarwa,
da su za a rubuta na gaba.

Da na ɗauka ɓarna ce.
Ashe wadda ba ta yaga umarnin ɗazu
za ta yi ta dafa sukarin da ya ƙare.
Mantuwa ce kunnenta.

Baba Arzika ya shekara talatin
a bakin gidan waya na Tawa,
yana rubuta wa matan 'yan bida wasiƙa.
Bai taɓa ajiye ko ɗaya ba.
Ya ce magana in ta isa, ta gama aikinta.

To, Baba, ga muryarka a wayata,
daƙiƙa goma sha tara, tun bara waccan:
kin ci abinci? Kar ki kwana a makaranta.
Waya ta ce wuri ya cika, in share wani abu.
Na share hotunan bikin Zuwera.

Wuta ta dawo. Firijo ya yi tari.
Can ƙasa kogi na wucewa ƙarƙashin gada.
Na rubuta a littafi: minti biyar,
na sake danna muryar,
na naɗe a kanta kamar gammo.