Zanen Gado

A Valparaíso, a tsohon ɗakin ajiyar kifi
da suka shafe da farin fenti,
sun rataye zanen gadonka, Baltasar,
a bayan gilashi, sai ka ce zai gudu.

Hatimin asibiti na nan a gefensa:
ɗaki na huɗu,
na waɗanda ake ajiye wa abinci a bakin ƙofa.
Fenti ya ƙare maka a tsakiyar sanyi,
ka koma ga aidin da ragowar shayi,
ka tsoma auduga, ka zana bayan wani mutum
yana wanke kofi a gaban taga.
Kafaɗar hagu ta fi ta dama tudu.
Buhunan tashar jiragen ruwa suka yi mini haka.

Yarinyar da ke zagayawa da baƙi
ta karanta musu takardar jikin bango:
"Wani abokin mai zanen. Ba a san sunansa ba."
Ina bayanta, hula a hannu,
shekara saba'in da ɗaya.
Ko tari ban yi ba.

Aboki.
Haka mahaifiyarka ta kira ni ranar binnewa,
ta nuna mini benci na ƙarshe.
Shekara tara muna hawa matakala ɗari da sha biyu
zuwa ɗaki guda, bargo guda,
daga baya ina hawa da kai a baya,
ba ka kai nauyin buhun gishiri ba.
Kana dariya a kunnena, kana cewa in yi a hankali,
kaya ne mai fashewa.

Suka kwashe agogo, takalma, har tukunyar shayi.
Zanen kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa,
ni na naɗe shi da hannuna, ba safa.
Gadona ke nan.
Shekara talatin yana ƙarƙashin katifata
kafin ido ya fara gaza mini.

Aidin yana kodewa, in ji su,
shi ya sa suka rage hasken fitila.
Wuyan ya riga ya tafi. Kofin ma saura hannunsa.
Mu biyu muna tsere, ni da mutumin jikin zanen.

Ƙarfe shida mai gadi ya kaɗa makullai.
Na juya zan fita,
sai wani yaro mai ɗan kunne,
riƙe da hannun saurayinsa a bainar jama'a,
ya dubi bangon, ya dubi bayana,
ya sake duban bangon.