Gorar Lesi

Kakana Barmu bai bar mana gona ba.
Ya bar bargo mai warin kafur,
takardar fansho da gara ta ci gefenta,
da wata gorar ƙarfe shuɗiya, bakinta a ɓantare,
rataye a ƙusa cikin zaurenmu na Birni.

A gindinta an karce da tsinin wuƙa:
L. Harkin, sai lambobi biyar.
Shi dai Lesi yake ce masa,
kamar mai kiran ɗan maƙwabci.

Daga barikin kan dutse aka kwashe su,
shekarar da gero ya yi kai, ruwa ya ɗauke.
Aka ce Sham za su.
Ya zaci Sham ɗin malamai ce,
wadda ake ambata a wa'azin azumi.
Ashe tsauni ne, da ƙaya, da igwa.
Faransa ta rabe biyu, in ji saje,
ba wanda ya tambayi Barmu wacce tasa.

Harsashi ya same shi a cinya.
Kwana biyu yana kwance a busasshiyar ƙorama,
harshe ya zama kilishi,
ƙuda na ta'aziyya tun bai mutu ba.

Sai inuwa ta rufe shi.
Dogo ne, rana ta dafa masa wuya,
malafarsa kunne ɗaya a naɗe,
irin mutanen da aka ce ya harba.
Barmu ya yi kalmar shahada, ya runtse ido,
yana jiran ƙarar da ba a ji sau biyu.
Abin da ya ji:
ɓul,
an zare toshiyar gora.

Ba Hausa, ba Faransanci.
Baturen ya ɗaure cinyar da ƙyallen aljihunsa,
ya zauna, ya ciro hoto:
fili fetal, ba ko kalgo,
tumaki kamar an zubar da auduga,
wata tsohuwa ta kare ido da tafin hannu.
Barmu ya duba, ya ce meee.
Baturen ya ce meee.
Suka yi dariya har raunin ya motsa.

Kakana ya buɗe hannuwa yana auna gaba,
zurfin rijiyar garinsu, ashirin da bakwai.
Lesi ya ƙirga nasa da yatsu, ya zarce.
Ashe, in ji Barmu,
akwai wata Damagaram a bayan teku,
su ma sama suke kallo.

Aka busa usur. Ya miƙe,
ya nuna wa masu ɗaukar raunana wurin,
ya tafi bai waiwayo ba.
Gorar tana kan ƙirjin kakana.
Mantuwa ce ko kyauta,
shekara arba'in da huɗu bai yanke ba.

Duk Juma'a yana fitar da tiyar hatsi
saboda tsohuwar cikin hoton.
Malam Kiyari ya taɓa ce masa,
ka san ko addinin mutumin?
Ya ce, ban tambayi ruwan ba,
shi ma bai tambaye ni ba.

Yau kwana huɗu famfonmu na tari.
Tun kafin asalatu nake layi a Garin Malam,
bidon rawaya talatin a gabana,
jakin mai kura yana barci a tsaye.
'Yata Zuwera ta biyo ni da gorar
a ƙarƙashin hijabinta.

Baba, ya koma gida?
Ya ga tumakinsa?

Ban sani ba, uwata.
Yaƙin bai ƙare a Sham ba.

Da layi ya zo kanmu ita muka fara cikawa.
Tana yoyo kaɗan ta wajen lambobin.
Zuwera ta toshe da babban yatsa,
ta juya tana duba fuskokin bayanmu,
wa ya fi daɗewa a tsaye.