Kogin da Ke Tsaye a Bango

Makullin ya fi tafin hannuna tsawo.
Shekara talatin da ɗaya yana rataye a ƙugun Tsitsino,
yau ta miƙo mini, wai gwiwa ta ƙi hawan tudu.
"Ki buɗe, ki share,
amma kada ki daɗe a bangon arewa. Sanyi gare shi."

Na san ba sanyi ba ne.
Kowa a ƙauyen nan na Svaneti ya sani
kogin Enguri ya tafi da Bidzina, ɗanta na fari,
shekarar da ƙanƙara ta yi saurin narkewa,
bai dawo mata ko da takalmi ba.

Majami'ar ba ta fi ɗakin ajiye ciyawa girma ba.
Hayaƙin kyandir na kaka da kakanni
ya kwanta a fuskokin tsarkaka kamar bakin tukunya.
Na jingine tsintsiya,
na nufi inda aka hana ni.

Ga Yahaya, dogo, kamar yunwa ce ta sassaƙa shi,
hannunsa a kan wanda ya fi shi,
yatsun sun ɗan janye,
irin na mai taɓa abin da bai isa ya taɓa ba.
Mai zanen bai kwantar da Urdun ba,
tsayar da shi ya yi,
ruwa ya haɗe sama da kafaɗun Yesu, baƙi ƙirin,
ka rantse bakin kabari ne.
Mala'iku uku a gaɓa riƙe da mayafi
kamar mata masu jiran a gama wankan jariri.
Kifi huɗu. Na biyar ya ɓare tare da shafen bango.
Can ƙasa, kusa da diddige,
wani ɗan tsoho da tulu ya juya baya zai gudu:
shi ne kogin da kansa,
mai cin mutane, yau ya ga wanda ba ya ciyuwa.

Sai na ji ɗis a goshi.
Wani dutsen rufi ya goce,
ruwan ƙanƙara ya sami hanya
daidai ta bakin kurciyar,
ya gangaro ta gashin kai, ta haƙarƙari,
ya shige kogin fenti.
Inda ya bi, shuɗin ya farka.

Ban ji shigowarta ba, sai hakin numfashi.
Ashe ta biyo ni, sanda ɗaya, hutu bakwai.
Ta nuna ɗan tsohon da haɓa:
"Wannan, na zage shi har bakina ya gaji."
Ta yi shiru har ɗigo uku suka sauka.
"Firist Zosime ya taɓa ce mini
ba ruwan ne ya wanke Shi ba, Shi ya wanke ruwan.
Na ce masa mai ƙoshi ne ke wa'azin azumi.
Amma dubi inda ƙafarSa take.
Har ƙasa ta kai.
Duk wanda ya nutse, zai tarar an riga shi zuwa."

Ranar Lahadi za a kawo 'yata Mzekala,
a tsoma ta sau uku a kwanon tagulla,
sau uku numfashinta zai ɗauke,
nawa ma haka,
sannan a ɗago ta jiƙe, tana tsala ihu,
da sunan da ruwa ba ya wankewa.
Na tambayi Tsitsino ko za ta riƙe mayafin.
Ba ta amsa ba.
Ta dangwali danshin bangon, ta kai goshi.

"Ki faɗa wa Gocha ya hau ya gyara rufin nan,"
ta ce, tana laluben sandarta.
A bakin ƙofa ta waiwayo:
"Ba yau ba. Ya bari sai bayan Lahadi."